Kashi Biyar ɗin da Na Yi wa Jama'a Alkawari

Sana'ata lissafi ce. Ina riƙe wa ƙananan 'yan kasuwa littafin shiga da fita, ina cike musu takardun haraji, wani lokaci in raka su ofis idan an aiko musu da takardar da suka kasa gane kanta. Don haka duk ranar da aka ambaci haraji a labaran rediyo, wayata ba ta hutawa. Mai shago ya kira, mai POS ya kira, 'yan majalisarmu ta bayan la'asar su ajiye tambayarsu sai na iso. Da tafiya ta yi tafiya, mutane suka saba karɓar maganata ba tare da sun juya ta ba. Ni ma a hankali na saba sakinta ba tare da na juya ta ba, kuma wannan shi ne asalin ɓarnar.

Maganar harajin kiran waya ta daɗe tana yawo a Najeriya. Tushenta Dokar Kuɗi ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a ranar ƙarshe ta shekarar. Dokar ta shigar da ayyukan sadarwa cikin abubuwan da za a iya ɗora wa irin harajin nan na musamman da ake ɗora wa taba sigari da barasa. Aka yanka kashi 5 cikin 100 a kan kira da saƙon tes da data. Sai aka ji shiru, har watan Yulin 2022, lokacin da ma'aikatar kuɗi a ƙarƙashin Zainab Shamsuna Ahmed ta ce lokacin fara karɓa ya yi. Kamfanonin waya ba su yi ɓoye-ɓoye ba, suka ce ba daga aljihunsu za su biya ba, a kan mai kira za su juye. Ga harajin VAT na kashi 7.5 da ake biya tun Fabrairun 2020, ga wannan kuma, ya zama kashi 12.5 ke nan.

Ministan sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, ya fito fili ya ce bai yarda ba, abin da ba kasafai minista ke yi wa shirin gwamnatin da yake ciki ba. Hujjarsa ita ce ɓangaren sadarwa ya riga ya ɗauki haraji da kuɗaɗen hukuma har iri 41. A Satumban 2022 aka dakatar da shirin, aka kafa kwamiti. A Maris na 2023 Pantami ya sanar cewa Buhari ya amince a tsame sadarwa daga harajin. Ba a rufe wata biyu ba sai ga shi ya sake ɓullowa a takardar tsare-tsaren kuɗi ta shekarar. Ranar 6 ga Yulin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sake dakatar da shi. A Oktoban 2024 ya dawo cikin ƙudurorin gyaran haraji da aka aika wa Majalisar Tarayya, waɗanda mu a Arewa muka fi tuna su da rigimar rabon kuɗin VAT, har ba kowa ya lura da sakin layin harajin waya ba. Ranar 26 ga Yunin 2025 aka sa wa sababbin dokokin hannu, kuma a watan Agusta shugaban Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, Aminu Maida, ya tabbatar wa 'yan jarida cewa an cire harajin gaba ɗaya.

Duk wannan jerin yana kaina. Da za ka tashe ni daga barci zan karanto maka shi. Na kawo shi nan a jere ne don amsar kuskurena tana kwance a cikinsa a fili, kuma na sha bi ta kanta ban gan ta ba.

Ya kamata a tuna halin da ake ciki a lokacin. A Janairun 2025 NCC ta amince wa kamfanonin waya su yi ƙarin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba, bayan sun nemi kashi 100, kuma shi ne ƙari na farko irinsa tun 2013. Saƙon tes ya tashi daga naira 4 zuwa naira 6. Datar da ke kai wa mutum wata ta koma ƙarewa tun kafin albashi ya shigo. A tsakiyar shekarar kuma aka koma cire naira 6.98 daga katin mutum idan ya danna lambobin banki don tura kuɗi. Jama'a sun gaji. Kowa kunnensa a buɗe yake, yana jiran wanda zai ce masa wani abu ya sauka. Ni kuwa, ba tare da na taɓa zama na bincika ba, na ɗauka a raina cewa kashi biyar ɗin nan yana cikin tsadar da muke sha. Farashi ya tashi, ana ta maganar haraji, sai na ɗaure biyun wuri ɗaya.

Akwai kuma wani labari da ya ƙara ingiza ni, labarin da na karanta tun ina ɗalibi kuma nake jin daɗin bayar da shi. A 1898 Amurka ta shiga yaƙi da Sifaniya, ta ɗora harajin senti ɗaya a kan kiran gari zuwa gari don tara kuɗin yaƙin. A lokacin sai masu hannu da shuni ke da tarho. Yaƙin bai yi shekara ba, harajin kuma aka soke shi a 1902. Amma ya dawo a 1914, aka yi ta cire shi ana mayarwa, har ya zauna daram daga 1932. A zamanin yaƙin Vietnam ya kai kashi 10, masu adawa da yaƙin suka riƙa ƙin biyansa da gangan. Daga 1983 ya tsaya a kashi 3. A 2000 majalisar dokokin ƙasar ta amince a soke shi, sai Shugaba Bill Clinton ya ƙi sa hannu a kan dokar kasafin da aka cusa sokewar a ciki. Abin da ya karya harajin daga ƙarshe kotu ce. Tsohuwar dokar ta yi maganar kiran da ake yanka kuɗinsa bisa nisa da tsawon lokaci, kamfanoni kuwa sun daina duba nisa, minti kawai suke ƙirgawa. Gwamnati ta sha kaye a kotunan ɗaukaka ƙara har biyar, sannan a Mayun 2006 ma'aikatar baitulmali ta ce ta daina karɓarsa a kan kira mai nisa, kuma za ta mayar da abin da ta karɓa tun daga 2003. Wanda ba ya son wahalar tono tsofaffin takardu, an ba shi tsakanin dala 30 zuwa 60 gwargwadon yawan iyalinsa.

Labari ne mai daɗi, kuma gaskiya ne. Da na ji sanarwar Agusta, shi ya fara faɗo mini a rai. Na ce to, ga tamu ta zo.

A daren ranar, bayan tambayoyi sun yi yawa, na ga gara in amsa wa kowa a lokaci ɗaya. Na ɗauki waya na naɗi saƙon murya na tura zauren WhatsApp na 'yan kasuwar unguwarmu. Na yi sallama, na kawo tarihin harajin tiryan-tiryan, na kawo labarin Amurka, sannan na ce abubuwa uku. Na ce farashin kira da data zai sauka da kashi biyar nan ba da jimawa ba. Na ce muna da hujjar neman a mayar mana da abin da aka karɓa a baya. Sai na rufe da jimlar da har yau nake jin nauyinta: "Ku sa ido. Duk wanda bai rage muku ba, haƙƙinku ya danne."

Kafin gari ya waye saƙon ya fita daga hannuna. Wani ya turo mini shi daga wani gari yana tambaya ko na san malamin da ya yi wannan bayani mai kyau. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi.

Ban tsaya nan ba. Ina da ɗan yayata, saurayi mai natsuwa, yana da rumfa a bakin titi inda yake sayar da kati da data da cajin waya. Cikin masu sayen datarsa akwai malaman wata makaranta da suke haɗa kuɗi su saya a dunƙule duk wata. Na kira shi na ce ga dama ta samu. Na ce ya riga abokan sana'arsa, ya rage wa malaman nan kashi biyar tun yanzu, ya yi musu alkawarin wannan farashi har ƙarshen shekara, su kuma su jawo masa abokansu. Kafin sauran su farga, ya kwashe kasuwa.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, ni dai a inda nake sarowa ban ga an rage komai ba."

Na ce, "Zai zo. Sanarwa ce ke fara fita, farashi ya biyo baya."

Ya ce, "Ribar tawa fa duka ba ta kai abin da ka ce in rage ba."

Na ce, "Na ɗan lokaci ne. Kai dai yi abin da na ce."

Yaro ne mai kunya. Mahaifiyarsa ma, da ya kai mata maganar, cewa ta yi ya bi shawarar kawunsa, ai shi ya san harkar. Ya tafi ya yi alkawari. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama, ni kuwa da bakina na sa ɗan 'yar'uwata ya yi shi, da jarin da ya tara da gumin kansa.

Makonni suka shuɗe, farashi bai motsa ba. Duk datar da yaron ya tura wa malaman nan, daga uwar kuɗinsa yake cikawa. Abin da ya fi wannan muni kuma shi ne abin da ya fara faruwa a rumfunan da ke layin. Mutane suka riƙa zuwa da saƙona a waya suna kunna wa masu kati. Wani dattijo da ya daɗe yana sayen kati a wurin wani yaro maƙwabcin ɗan yayata ya tsaya a gaban mutane ya ce masa ya ji tsoron Allah, an rage amma sun haɗa baki sun cinye. Yaron ya rantse, dattijon ya ce shi da kunnensa ya ji Malam ya faɗa.

Da labarin ya zo mini, ban zargi kaina ba ko kaɗan. Na ce yaran ba su da laifi, manyan kamfanoni ne suka riƙe rangwamen. Na ƙara zafi a majalisa. Daga nan na yanke shawarar rubuta takardar koke da sunan 'yan kasuwar unguwa, mu kai wa hukuma.

Takardar neman haƙƙi tana da ƙa'ida, kuma ita ce sana'ata. Dole ka faɗi nawa aka karɓa, daga yaushe zuwa yaushe, ka kuma liƙa shaida. Na rubuta gabatarwa mai zafi, na zo wurin adadi na bar fili. Na aika wa ɗan yayata ya kawo mini littattafansa tun daga 2022, don a cikinsu za mu ga ranar da farashin sari ya ɗaga da kashi biyar.

Ya zo bayan isha'i da littattafan a leda. Muka zauna a zaure muna buɗewa shafi-shafi. Yaron yana da tsari, kowane sari da ranarsa da kuɗinsa. Muka wuce Yuli da Agustan 2022, ba komai. Wajen Oktoba na ga ɗan tashi, na ɗora yatsa na ce ga shi nan. Ya ce a'a, wannan ƙarin kashi 10 ne da wasu kamfanoni suka yi, hukuma ta sa suka janye, in duba gaba kaɗan zan ga ya sauka. Na duba, haka ne. Muka shiga 2023, muka fita. Ana samun ɗan hawa da sauka na garaɓasa da sauyin tsarin sari, amma babu wanda ya yi daidai da abin da nake nema. Babban tsalle ɗaya ne a duk littattafan, na farkon 2025, kuma wannan kowa ya san daga ina ya fito.

Ya rufe littafin ƙarshe, ya ce, "Kawu, akwai abin da nake son tambaya, amma ina jin nauyi."

Na ce ya tambaya.

"Wannan kashi biyar ɗin, wace rana aka fara cire shi? Don ni tun da na buɗe rumfa ban taɓa ganin ranar ba."

Na buɗe baki zan ba shi rana, don na saba ranaku suna zuwa mini da sauƙi. Yulin 2022 ta zo, sai na tuna ranar da aka ce za a fara ce. Agusta kuwa ministoci na ta musu. Satumba an dakatar. Maris an tsame. Afrilu ya dawo a takarda. Yuli an sake dakatarwa. Oktoban 2024 ƙuduri ne a gaban majalisa. Na bi jerin daga farko har ƙarshe, na sake dawowa, ina neman gurbi ɗaya da zan ce a nan aka fara karɓa. Babu. Ranakun da na haddace duka na sanarwa ne da dakatarwa da janyewa. Harajin bai taɓa sauka a kan kuɗin da mai kira ke biya ba. Abin da ba a ɗora ba kuwa, ba yadda za a yi a sauke shi farashi ya ragu, kuma ba abin da za a mayar wa kowa.

Jikina ya yi sanyi. Abin da ya fi damuna a wannan lokacin shi ne yaron nan ya faɗa mini wannan tun ranar farko. Da ya ce bai ga an rage komai a inda yake sarowa ba, shaida ya ba ni, irin shaidar da ni nake matsa wa kowane mai shago ya kawo kafin in rubuta masa ko sisi a littafi. Na ture ta saboda ta fito daga bakin yaro, kuma ta ci karo da abin da na riga na faɗa wa duniya. Yanzu ga shi zaune a gabana, kansa a ƙasa, yana jin kunyar ya kama kawunsa da kuskure, alhali shi ne wanda aka cuta. Takardar koken tana gefena da filin da na bari. Na ce masa, "Ba a taɓa cirewa ba. Ni ne ban duba ba. Ka yafe mini." Ya ce, "Haba Kawu, ba komai." Da komai, kuma mu biyun mun sani.

Na daɗe ina juya yadda aka yi mai sana'ar lissafi ya faɗa wannan rami. Labarin Amurka ya rufe mini ido a daidai wurin da ya kamata ya buɗe shi. A can harajin yana fitowa a takardar kuɗin waya da ake aiko wa mutum duk wata, da layinsa daban, an yi shekara da shekaru ana karɓa, shi ya sa da aka cire aka ga gurbinsa, aka kuma san abin da za a mayar. Mu kuwa kusan dukkanmu loda kati muke yi. Ka sa dubu ɗaya, ta narke, ba wanda ya taɓa nuna maka nawa ne na kamfani, nawa ne na gwamnati. A irin wannan duhu, duk wanda ya zo da murya mai tabbaci ya ce ga abin da ke cikin farashi, za a yarda da shi, don ba takardar da za a ɗauko a ƙaryata shi. Na san haka, kuma sanin hakan ya isa ya sa in yi taka-tsantsan fiye da kullum. Sai dai ina son in zama wanda ya kawo albishir. Shekara guda ina kai wa mutane labarin ƙari, na ƙosa in kai musu na ragi, sai na karɓi labarin ba tare da na yi masa tambayar da nake yi wa kowane labari mara daɗi ba.

Kuma akwai asarar da ban hango ba. Soke harajin nan abu ne mai kyau, har yau ina kan wannan ra'ayi. Waya ta daɗe da fita daga sahun kayan ƙawa. Da ita manomi ke jin farashin hatsi kafin ya ɗauki buhu zuwa kasuwa, da ita ɗalibi ke rajistar jarrabawa, da ita ake tura wa tsohuwa kuɗin cefane a ƙauye. Haraji irin wannan ba ya duba aljihu, naira hamsin ɗin da zai ci a kan kowace dubu ta fi yi wa mai turin baro ciwo fiye da mai kamfani. Kuma harajin da aka dakatar kawai yana nan a rataye, mun ga yadda ya sake leƙowa a 2023 da 2024, don haka cire shi daga doka ba ƙaramin abu ba ne. An tare ƙarin da ke tafe, wannan shi ne amfaninsa na gaskiya. Amma saboda na sayar wa mutane da shi a matsayin ragi, da ragin bai zo ba sai suka ce sanarwar ma ƙarya ce. Na ji wani a majalisa yana cewa an sake yaudarar talaka. Dole na katse shi na ce a wannan karon ba wanda ya yi masa alkawarin ragi sai ni.

Na naɗi saƙo na biyu. Na faɗi sunana, na ce maganar da na yi kuskure ce, na bayyana dalili, na ce masu kati da data ba su danne wa kowa komai ba, kuma VAT na kashi 7.5 yana nan yadda yake, kada wani ya jira saukarsa. Na roƙi duk wanda ya tura na farko ya tura wannan. Kaɗan ne suka tura. Ba wanda ya dawo mini da shi daga wani gari.

Ɗan yayata ya ƙi janye alkawarin da ya yi wa malaman, ya ce ya riga ya ba su kalmarsa. Ya kuma ƙi karɓar kuɗi daga hannuna, sai ta hannun mahaifiyarsa na riƙa cike giɓin duk wata har wa'adin ya cika. Na bi rumfunan layin ɗaya bayan ɗaya na ba su haƙuri. Wasu suka ce ya wuce, wasu suka amsa da ka kawai suka ci gaba da aikinsu, kuma ban ga laifinsu ba.

Dattijon nan kuwa har gida na same shi. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ni ne mai muryar nan, kuma yaron bai cuce ka ba." Na yi masa bayani daga farko. Ya saurare ni har na gama, ya ce ya ji, Allah ya kyauta. Amma ya riga ya koma sayen katinsa a wata rumfa can gaba, kuma har yanzu bai dawo wurin yaron ba.